Wace Ƙaramar Bindiga da Wane Harsashi Suka Dace da Kare Kai da Wasan Harbi?

Sabi'u:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da na san akwai masanansa a cikinku. Na cika sharuɗɗan da dokar ƙasar da nake zaune ta gindaya, an ba ni lasisin mallakar ƙaramar bindiga, kuma na yi rajista da ƙungiyar masu wasan harbi. Abin da nake so shi ne bindigar da zan ajiye a gida domin kare iyalina idan ta ɓaci, wadda kuma zan riƙa zuwa filin harbi da ita domin sha'awa. Guda uku ne suka tsaya mini a rai: Glock 19 mai cin harsashin 9mm, da samfurin 1911 mai cin .45 ACP, da libarba (bindiga mai ganga mai juyawa da ake zuba harsasai a ciki) mai cin .357 Magnum. Duk wanda na tambaya sai ya yabi tasa ya kushe ta wani, shi ya sa nake roƙon a yi mini bayani da hujja, domin wannan ba abin da ake saye da ka ba ne.

Alhaji Ɗanjuma:
Wa'alaikumus salam. Malam Sabi'u, Allah ya sanya alheri. Ni ba na ɓoye ra'ayina, 1911 nake riƙe da ita, kuma ita zan ba ka shawarar ka ɗauka. John Browning ne ya ƙera ta, rundunar sojan Amurka ta karɓe ta a 1911, ta shiga yaƙin duniya na ɗaya da na biyu da ita, da na Koriya da na Biyetnam, ba ta sauke ta daga matsayin bindigar hannu ta hukuma ba sai a 1985 da Beretta M9 ta gaje ta. Abin da ya yi shekara 74 a kugun soja ba a raina shi. Ƙwayar .45 faɗinta ya kai milimita 11.4, nauyinta kuma giram 15, wato kusan ninki biyu na ƙwayar 9mm mai giram 8. Sai dai ba harsashin ne ya fi burge ni ba, kunamarta ce: gajera ce, mara nauyi, tana tafiya baya kai tsaye ba tare da ta ja bakin bindiga gefe ba, shi ya sa har yau masu gasar saiti ba su rabu da wannan ƙira ba. Nauyin ƙarfenta, wanda ya haura kilo ɗaya, yana shanye bugun baya. Harsasai bakwai ko takwas kawai take ɗauka, na yarda, amma mai kare gidansa ba yaƙi ya fita ba.

Injiniya Tukur:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Duk abin da ka faɗa a kan tarihin 1911 da kunamarta gaskiya ne, kuma babu wanda ya taɓa harba mai kyau daga cikinsu da zai musa. Inda zan saɓa maka shi ne batun faɗin harsashi, kuma hujjata ita ce abin da ya faru da hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, wato FBI, domin babu hukumar da ta sha wahalar wannan tambaya kamarta.

A ranar 11 ga Afrilun 1986, jami'anta takwas suka yi artabu da 'yan fashin banki biyu a Miami. An kashe jami'ai biyu, an raunata biyar. Ɗaya daga cikin 'yan fashin ya sami harbin 9mm tun farkon faɗan, ƙwayar ta ratsa hannunsa ta shiga ƙirji, amma ta tsaya dab da zuciya, shi kuma ya ci gaba da harbi. Hukumar ta ɗora laifin a kan harsashin, ta koma 10mm Auto, sai ta tarar da yawan jami'anta ba sa iya sarrafa bugunsa, aka rage masa albarushi. Daga wannan ragin ne kamfanonin Smith & Wesson da Winchester suka fito da .40 S&W a 1990, wanda 'yan sandan Amurka suka yi rububinsa shekaru da dama. Amma babban abin da ya fito daga wancan artabu ba sabon harsashi ba ne, ma'aunin gwaji ne. Hukumar ta ce duk harsashin da za ta amince da shi dole ya nutse tsakanin inci 12 zuwa 18, wato kimanin santimita 30 zuwa 46, a cikin jelatin da aka haɗa domin ya yi kama da tsokar jiki, ko da ya fara ratsa tufafi masu kauri ko gilashin mota ko ƙarfe. Kamfanoni suka duƙufa wajen ƙera ƙwayoyin da za su cika wannan sharaɗi, kuma 9mm ne ya fi cin moriyar gyaran. A 2014 sashen horo na hukumar ya ba da shawarar a koma 9mm, a 2016 kuma ta ba Glock kwangilar bindigogin 9mm. Dalilan da aka bayar su ne jami'ai sun fi samun saiti da shi, sun fi saurin maimaita harbi, magazin, wato gidan harsasai da ake cusa wa bindiga, ya fi ɗaukar harsasai, kuma likitoci ba sa iya bambanta raunin wannan da na wancan a jikin mutum.

Lissafin ma yana goyon bayan haka. Ƙwayar 9mm mai giram 8 tana fita da gudun kimanin mita 350 a daƙiƙa, ta .45 mai giram 15 kuma da kimanin mita 255, kuma idan aka auna ƙarfin da kowacce ke ɗauke da shi duk suna kusa da 500 a ma'aunin ƙarfi na jul. Amma bugun da hannu ke ji yana bin nauyin ƙwaya ne a ninka da gudunta, kuma a nan .45 ya ɗara 9mm da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ke nan mai .45 yana shan ƙarin bugu ba tare da ya sami ƙarin ƙarfin a zo a gani ba. Malam Sabi'u, a cikin ukun da ka lissafa, Glock 19 zan nuna maka. Tun 1988 take kasuwa, tana ɗaukar harsasai 15, sassanta kaɗan ne, kuma ba ta da wuyar kwancewa da wankewa.

Alhaji Ɗanjuma:
Injiniya, na ji bayaninka kuma ya yi ma'ana, amma ka tuna hukuma tana zaɓa ne domin dubban ma'aikata masu hannu iri-iri, waɗanda da yawansu ba sa zuwa filin harbi sai an tilasta musu, kuma tana duba kasafin kuɗinta. Mutum guda da zai zauna ya koyi bindigarsa ba lallai ne abin da ya dace da taro ya zama shi ne ya fi masa ba. Sannan duk alfaharin da ake yi da 9mm na zamani ya rataya ne a kan ƙwayar ta buɗe bayan ta shiga. Idan ramin bakinta ya toshe da zaren tufafi ta ƙi buɗewa fa? Ta .45 ko ba ta buɗe ba, faɗinta yana nan yadda yake.

Dakta Maryam:
Baba Alhaji da Injiniya, ku ba ni dama in sa baki ta fuskar jikin ɗan'adam, domin a nan ne gardamar milimita biyu take rasa ƙarfinta. Duk harsasan ƙananan bindigogi raunana ne idan aka kwatanta su da na doguwar bindiga. Harsashin 5.56 na soja yana fita da gudun da ya kai mita 900 a daƙiƙa, kuma irin wannan gudu yana yaga tsoka nesa da hanyar da ƙwaya ta bi. Ƙwayar ƙaramar bindiga kuwa abin da ta taɓa kawai take lalatawa, domin tsoka tana miƙewa ta koma yadda take. Dakta Martin Fackler, likitan tiyata na sojan Amurka wanda ya daidaita gwajin jelatin ɗin da Injiniya ya ambata, ya daɗe yana nanata wannan. Saboda haka abin da ke tsayar da mahari shi ne inda ƙwaya ta faɗa da zurfin da ta kai, ko kuma tsoro ya sa shi janyewa da kansa. Maganar cewa wani harsashi yana ɗaga mutum ya yar da shi ba ta da tushe, domin da haka ne da mai harbin ma ya faɗi.

Abin da ya fi damuna, Malam Sabi'u, shi ne abubuwa uku da ba a cika kawo su cikin irin wannan muhawara ba. Ƙarar da ta haura 140 a ma'aunin ƙara na desibel tana iya lalata ji nan take, kuma ƙananan bindigogin da ake magana a kansu duk suna haura 155, .357 Magnum kuma yana cikin mafiya ƙara. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa, don haka a filin harbi na cikin gini ka haɗa abin toshe kunne da na rufe shi gaba ɗaya. Sai dalma, wadda ke cikin ƙwaya da kuma 'yar hular da ke tayar da wuta a gindin kwanson harsashi. Ƙurarta tana maƙalewa a hannu da tufafi, kuma yara sun fi kowa cutuwa da ita, saboda haka ka wanke hannu kafin ka ci wani abu, ka ware kayan da ka je harbi da su. Na uku kuma shi ne mafi nauyi a wurina: bindigar da ke cikin gida ta fi kusa da mutanen gidan fiye da ɓarawon da ake jira. Yaro mai ƙiriniya, ko matashin da ya shiga ƙuncin zuciya ba a sani ba, ko ɓacin rai na ɗan lokaci tsakanin manya, kowanne yana iya zama musiba idan bindiga tana inda hannu zai kai. Ina roƙonka ka mallaki akwatin ƙarfe mai kulli kafin bindigar ta shigo gidanka, kuma ka tabbata kai kaɗai ke iya buɗe shi.

Malam Habu:
Allah ya saka da alheri, Dakta. Na ga an bar libarba ba mai kare ta, to ni zan tsaya mata. Babbar falalarta ga mai buri biyu kamar Sabi'u ita ce tana cin harsashi iri biyu. An fito da .357 Magnum a 1935 ta hanyar tsawaita kwanson .38 Special da kimanin milimita uku, amma faɗin ƙwayarsu ɗaya ne. Saboda haka libarbar .357 tana harba .38 Special lafiya lau, shi kuma .357 ba ya shiga libarbar .38, kuma da gangan aka yi hakan domin kada ya fasa ta. Mutum zai yi atisaye da .38 mai sanyi, idan ya ga dama ya ɗora .357. Ba ta da magazin da zai ba da matsala, ba ta damu da siffar bakin ƙwaya ba, ba ta damu da ko an riƙe ta da ƙarfi ko da sanyin hannu ba, alhali bindiga mai ɗura kanta tana iya cijewa idan wuyan hannu ya yi laushi. Idan harsashi ya ƙi tashi a lokacin tsanani, sake jan kunama kawai zai juyo da na gaba. Kuma da ido ake ganin ko akwai harsashi a gangarta, abin da ke rage haɗari ga sabon shiga. Irin su Smith & Wesson 686 ko Ruger GP100 masu bututun inci huɗu, ɗa zai gaje su, jika ma ya gada.

Injiniya Tukur:
Malam Habu, batun harsashi iri biyu hujja ce mai ƙarfi, ba ni da ja a kanta. Amma a faɗa wa Sabi'u ɗaya gefen. Kunamar libarba idan za a ja ta ba tare da an ɗana 'yar gudumarta ba tana buƙatar ƙarfin da ya kai kilo biyar, alhali ta Glock ba ta wuce kusan kilo biyu da rabi ba, kuma riƙe saiti yayin wannan dogon ja shi ne abin da ya fi wahalar da mai koyo. Harsasai shida ne ko bakwai, sake ɗurawa kuma yana cin lokaci. Cikakken .357 a cikin ɗaki da dare yana fitar da walƙiya da ƙarar da za su rikita mai harbin kansa. Sannan libarba ba ta cika cijewa ba, gaskiya ne, amma ranar da ta cije, misali ɗan datti ya shiga ƙarƙashin ƙarfen da ke fitar da kwanso, ba a gyara ta a tsaye cikin daƙiƙa biyu kamar yadda ake yi wa mai magazin. Akwai kuma tazarar da ke tsakanin ganga da bututu, inda iska mai zafi ke fita da ƙarfi, wadda ke iya yi wa yatsa mummunan rauni idan an ɗora shi a wurin.

Hajiya Bilkisu:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma a matsayina na mai koyar da sababbin shiga a ƙungiyarmu, ina ganin an yi nisa da gardama a kan abin da ba shi ne farko ba. Ƙanena Sabi'u, kare kai da wasan harbi ayyuka ne biyu daban, kuma abin da ya haɗa su shi ne iya harbi, wanda ba ya zuwa tare da bindiga a cikin kwalinta. Babbar cutar mai koyo ita ce zabura. Jiki yana sanin bugu da ƙara suna tafe, sai hannu ya danna bakin bindiga ƙasa kafin ƙwaya ta fita, kuma mai harbi da hannun dama zai ga harbinsa yana taruwa a ƙasa ta hagu ya ɗauka saitin bindigar ne ya karkace. Wanda ya fara da .357 ko .45 kamar wanda ya fara koyon tuƙi da tirela ne, kuma zaburar da ya koya a watan farko tana iya bin sa shekaru.

Maganinta .22 LR. Tun 1887 ake yin wannan harsashi, ƙwayarsa ba ta kai giram uku ba, bugunsa kaɗan ne, kuma ya fi sauran araha nesa ba kusa ba, don haka mutum zai yi harbi mai yawa ba tare da hannunsa ko aljihunsa sun gaji ba. Ruger Mark IV da Browning Buck Mark duk an yi su ne domin wannan aiki. Kada a ɗauka abin wasan yara ne, yana kisa, kuma dokokin kiyayewa a kansa ɗaya ne da na kowace bindiga. A gasar Olamfik, da .22 ake harbin mita 25, harbin mita 10 kuma da bindigar iska mai ƙwayar milimita 4.5, da hannu ɗaya, a kan da'irar tsakiya da faɗinta bai wuce milimita 11.5 ba. Yusuf Dikeç na Turkiyya, wanda duniya ta yi ta magana a kansa a gasar Paris ta 2024, da bindigar iska ya ci azurfa a gasar haɗakar mace da namiji, kuma natsuwar da aka gani a tsayuwarsa ita ce ake nema, ba girman harsashi ba. Ban ce ka dogara da .22 wajen kare gida ba, domin wutarsa a gefen gindin kwanso take, kuma irin wannan ya fi yawan ƙin tashi fiye da mai wuta a tsakiya. Abin da nake cewa shi ne, idan bindiga guda ɗaya lasisinka ya ba ka, yi amfani da .22 ta ƙungiya har sai hannunka ya zauna, sannan ka sayi taka.

Idan kuma wasan da ke ranka irin na gudu da sauya wuri ne, kamar gasar IPSC da aka kafa a 1976, to 9mm ne harsashin da ya fi yawa a ajin bindigogin da ba a yi musu kwaskwarima ba, kuma wannan ƙarin hujja ce ga Injiniya. Abu guda da zan ja hankali a kai shi ne masu cewa mace ko mai ƙaramin hannu ya sayi 'yar mitsitsiyar bindiga. Wannan shawara tana cutarwa. Duk yadda bindiga ta ƙanƙance ta yi sauƙi, haka bugunta ke ƙaruwa, mariƙinta ya gajarce, tazarar saitinta ta ragu. Irin su SIG P365 da ta fito a 2018 an yi su ne domin ɗauka a jiki a ɓoye, ba domin koyo ko ajiya a gida ba.

Sabi'u:
Na gode ƙwarai, Yaya Bilkisu, da ku duka. Zan bi shawarar farawa da .22 ta ƙungiya, kuma akwatin ƙarfe shi ne farkon abin da zan nema kamar yadda Dakta ta ce. Akwai sauran abin da ya shige mini duhu a kan harsashin kansa. A kwalayen 9mm ina ganin lambobi 115 da 124 da 147, wasu kuma an rubuta +P. Sannan an gaya mini harsashi mai rami a baki haramtacce ne a dokar duniya. Yaya gaskiyar wannan magana, kuma wanne ake ajiyewa, wanne ake atisaye da shi?

Injiniya Tukur:
Waɗannan lambobi nauyin ƙwaya ne da wani tsohon ma'auni da ake kira giren, wanda kusan 15 da rabi daga cikinsa ne ke yin giram ɗaya. Mai 115 ta fi sauƙi da gudu, mai 147 ta fi nauyi, tana tafiya a hankali, yawanci ƙasa da gudun sauti, kuma mutane da yawa suna jin bugunta ya fi taushi. Mai 124 tana tsakiya. Alamar +P tana nufin an ƙara matsin wuta a cikin kwanso. A ma'aunin ƙungiyar SAAMI ta masu ƙera makamai a Amurka, iyakar 9mm na yau da kullum ita ce 35,000 a ma'aunin matsi na psi, na +P kuma 38,500, wato ƙarin kashi goma cikin ɗari. Kada ka sa shi sai littafin bindigarka ya ce ta yarda da shi. Wanda aka rubuta +P+ kuwa ba shi da wata iyaka da aka amince da ita, ni ba na kusantarsa.

Ƙwaya mai cikakken lulluɓin jan ƙarfe ita ce ta atisaye. Ba ta buɗewa, don haka tana iya ratsa mutum ta wuce ta sami na bayansa. Mai rami a baki, irin su Federal HST da Speer Gold Dot, tana buɗewa idan ta shiga, ta yi faɗi, ta rage gudu, shi ya sa 'yan sanda a ƙasashe da dama suke amfani da ita a cikin gari. Amma kada ka ɗauka bango zai tare ta. Duk harsashin da ya isa ya nutse santimita 30 a jiki zai ratsa ƙofar katako da siririn bangon cikin gida, don haka dole mutum ya san ɗakin da 'ya'yansa ke kwana da abin da ke bayan duk inda ya auna. Kuma duk irin da ka zaɓa ka ajiye, sai ka harba isasshe daga cikinsa a bindigarka da magazin ɗinka ka ga yana shiga yana fita ba tangarɗa, domin wasu bindigogin, musamman tsofaffin 1911 da aka ƙera domin ƙwaya mai mulmulallen baki, suna ƙin wasu masu ramin.

Barista Nasiru:
Bari in amsa ɓangaren doka. Sanarwar Hague ta 1899 ta hana amfani da ƙwaya mai buɗewa ne a yaƙi tsakanin ƙasashen da suka sa hannu, ba ta yi magana a kan 'yan sanda ko farar hula ba. Abin da zai hukunta ka shi ne dokar inda kake zaune, kuma bambancin da ke tsakanin ƙasashe yana da girma ƙwarai. A Amurka, Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Heller a 2008 cewa mutum yana da 'yancin ajiye ƙaramar bindiga a gida domin kare kai, amma duk da haka jihar New Jersey ta taƙaita yawo da harsashi mai rami. A Birtaniya an hana farar hula mallakar mafi yawan ƙananan bindigogi a 1997, bayan kisan yaran makaranta a Dunblane a 1996. Kanada ta dakatar da saye da sayar da su a 2022. A Jamus, mai son bindigar wasa sai ya yi shekara guda yana atisaye a ƙungiya kafin a duba buƙatarsa.

Malam Sabi'u, ka koma ka karanta takardar lasisinka da kyau. A wurare da yawa lasisin wasa bai ba mutum izinin ajiye bindiga a ɗure ba, kuma sharuɗɗan ajiya suna tilasta a raba ta da harsasai. Haka nan, kusan ko'ina doka ba ta yarda a yi harbi ba sai rai yana cikin haɗari a wannan lokacin, kuma ƙarfin da aka yi amfani da shi ya dace da barazanar. Harbin wanda ya juya yana gudu da kaya a hannu ya kai mutane da yawa kurkuku. Ƙofa mai ƙarfi, da fitila a waje, da ɗakin da iyali za su taru su kulle su kira hukuma, duk suna gaban bindiga a tsarin tsaron gida.

Alhaji Ɗanjuma:
Maganar Barista da ta Dakta babu abin cirewa a cikinsu. Ni dai har yanzu ina kan .45, kuma abin da Injiniya ya faɗa game da tsofaffin 1911 ba ya shafar waɗanda ake ƙerawa yanzu. Amma idan yaron nan ya tsaya a kan 9mm, ina roƙon kada ya yanke hukunci sai ya riƙe CZ 75 a hannunsa. Ƙarfe ce gaba ɗayanta, an ƙera ta a Cekosulobakiya a 1975, nauyinta kusan kilo ɗaya, mariƙinta yana zama a tafin hannu fiye da na Glock a wurin mutane da yawa, kuma jikanyarta Shadow 2 ta cika filayen gasa. Wanda ba zai yi yawo da bindiga a kugu ba, nauyi alheri ne a gare shi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Malam Habu:
Na goyi bayan a gwada kafin a saya, kuma ina fatan za a sa libarba cikin gwajin da harsashin .38 Special, ba .357 ba. Sai gargaɗi guda, Malam Sabi'u, tun da ka fara duba kwalaye. Ba duk abin da ake kira 9mm ne abu ɗaya ba. Na Glock 19 da CZ 75 shi ne 9×19, wanda Georg Luger ya ƙera a farkon ƙarni na 20, ana kuma rubuta shi Luger ko Parabellum. Akwai 9×17, wato .380 ACP, mai gajeren kwanso da ƙarancin ƙarfi, akwai kuma 9×18 Makarov na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, wanda ƙwayarsa ta ɗan fi faɗi. Ba a musanya su. Abin da aka zana a jikin bututun bindigarka, shi za ka nema a jikin kwali da gindin kwanso. Kada kuma ka karɓi harsashin da wani ya sake ɗurawa a gida idan ba ka san hannunsa ba.

Hajiya Bilkisu:
Zan ɗora a kan na Malam Habu da abin da nake fara koya wa kowa kafin ya taɓa kunama. Idan ka yi harbi ka ji ƙarar ta yi sanyi fiye da yadda ka saba, ko bugun ya yi rauni, tsaya nan take, kada ka sake ja. Mai yiwuwa albarushin ya yi kaɗan, ƙwayar ta maƙale a cikin bututu, kuma ta biyu idan ta same ta a can tana iya fasa bindigar a hannunka. Cire magazin, fitar da na ciki, ka kira jami'in fili ya duba bututun. Idan kuma ka ja kunama a filin atisaye ba abin da ya tashi, ci gaba da fuskantar da bakinta wajen abin bara na kimanin rabin minti kafin ka buɗe, domin wani harsashin yana jinkirin kamawa. A ranar gwajin naka, ka harba kowace bindiga a tazara ɗaya, a kan takarda daban, a hankali da farko sannan harbi biyu a jere, ka rubuta sunan bindigar da irin harsashin a jikin kowace takarda. Ka ɗauki hotonsu ka turo mana nan, in duba inda ƙwayoyin suka taru in gaya maka ko kunama ce ke jan hannunka ko zabura ce.